Sauro Ba Ya Sabawa Da Magani

Mu uku ne a ofishin, idan har ya cancanci a kira ɗakin da muke haya a saman bene ofis. Tare muka yi sakandare, tare muka karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, yanzu kuma tare muke neman na tuwo da rubuta manhajar lissafin kaya ga masu kantuna da masu sayar da magani. Ba mu taɓa zaton za mu sake shiga aji ba, sai ranar da Malamar da ta koya mana Bayoloji ta kira ɗayanmu a waya, shi kuma ya buɗe murya don mu ji.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali ta ce, "Ku da kuke ta harkar kwamfuta, ba za ku samo min bidiyo ba? Na babin nan na 'yan aji shida, na juyin halitta. Fiye da shekara ashirin ina koyar da shi, ban taɓa ganin yaron da ya fita da shi a kansa ba. Har ku."

Wannan "har ku" ta sosa mana rai, domin gaskiya ta faɗa. Da muka aje wayar muka tambayi juna abin da muke tunawa. Hoton raƙumin dawa yana miƙa wuya zuwa ganye. Lamarck bai yi daidai ba, Darwin ya yi daidai. Shekarar 1859, da littafin ya fito. Shi ke nan. Mun haddace don WAEC da NECO, muka zubar a takarda, muka bar shi a ɗakin jarrabawa. Babin yana zuwa ne a ƙarshen shekara, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa, kuma mun tuna yadda Malama take bi ta kansa da sauri kamar mai tsallaka titi. A lokacin mun ɗauka ƙurewar lokaci ce. Daga baya ta gaya mana cewa har da tsoro. Ta san cikin kowane aji akwai wanda zai ɗaga hannu ya yi tambayar biri, ta kuma san tambayar za ta iya bin yaro har gida.

Muka ce mata ta bar mana, aikin kwana biyu ne. Wata huɗu muka yi.

Da farko mun yi abin da kowa zai yi, muka shiga YouTube muka sauke masu kyau. Muka aro furojekta, muka ɗauki ƙaramin janaretan ofis, muka rataya farin zani a jikin allo, aka rufe tagogi da kwalaye. Bidiyon farko labarin wani malam-buɗe-littafi ne na dare a Ingila. Yawancinsu farare ne masu ɗigo-ɗigo, suna sajewa da jikin bishiya. A 1848 aka ga baƙi a birnin Manchester. Hayaƙin masana'antu ya yi ta baƙanta itatuwa, tsuntsaye suka riƙa hango farare suna cinyewa, kafin ƙarshen ƙarnin kusan duka na birnin baƙaƙe ne. Labari mai kyau, hoto tangaran. Amma mai bayanin yana Turanci da hanci kuma da sauri, janareta na ruri a bakin ƙofa, yaran kuma ba su taɓa ganin irin bishiyar ba balle ƙwaron. Da aka kunna fitila Malama ta tambayi me ya faru da fararen. Wani yaro a baya ya miƙe ya ce, "Malama, hayaƙin ne ya shafa musu baƙi."

Ajin bai yi dariya ba, domin haka kowa ya fahimta.

Na biyun ya fi kama su. Wasu masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka ne suka fitar da shi a 2016. Sun yi wani faffaɗan faranti, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60, suka raba shi layi-layi. Layin baki ba magani. Na gaba da shi akwai maganin kashe bakteriya daidai yadda zai kashe su, na gaba ninki goma, sai ninki ɗari, sai tsakiya ninki dubu. Suka zuba bakteriya a baki, suka ɗora kyamara a sama, suka matse abin da ya faru cikin kwana goma sha ɗaya ya koma kamar minti biyu. Za ka ga farin abu ya mamaye layin farko ya tsaya cak a bakin magani. Can sai wani ɗan ɗigo ya ɓulle ta wuri guda, ya bazu kamar reshe, ya cika layin. A layi na gaba haka. Har tsakiya. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta ce, "Innalillahi."

A hanyar komawa ofis muka yarda cewa mun gano amfanin bidiyo a wannan darasi. Abin da ya sa babin yake da wuya shi ne lokaci. Ido ba ya ganin abin da yake ɗaukar zuriya ɗari kafin ya bayyana, kamar yadda ba ka ganin girman ɗanka sai baƙo ya zo ya faɗa maka. Bidiyo yana iya naɗe lokaci kamar tabarma. Sai muka ce to bari mu yi namu, da Hausa, da halittar da kowane yaro ya kwana da ita jiya. Muka zaɓi sauro.

Mun yi mako uku a kansa bayan tashi daga aiki. Muka zana sauro guda, kyakkyawa, mai manyan idanu. Ana fesa masa magani, ya yi tangaɗi, ya farfaɗo. A sake fesawa, sai jikinsa ya ƙara duhu. A karo na biyar ya fito da sulke kamar na dakarun hawan sallah, magani yana zuba a kansa yana dariya. Ɗayanmu mai murya ya yi bayanin, muka sa kiɗa a ƙasa. Yaran sun so shi ƙwarai, har tafi suka yi, wasu suka roƙi a maimaita. Mun fita muna jin kanmu.

Malama ba ta ce komai ba. Ta raba musu takarda ta ce kowa ya rubuta a layi biyu dalilin da ya sa magani ya daina kashe sauro. Da daddare ta turo mana hotunan amsoshin ta WhatsApp, ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk abu guda suka rubuta: sauro ya saba da magani. Jikinsa ya yi ƙarfi. Ya koyi jurewa, ya koya wa 'ya'yansa. A ƙarshe ta aiko da saƙon murya. Ta ce, "Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Kun koyar da Lamarck da kyau."

Mun daɗe ba wanda ya yi magana. Kuskuren ba na yaran ba ne, abin da muka nuna musu suka gani. Sauro guda muka zana saboda ya fi sauƙin zanawa kuma ya fi daɗin kallo, labari yana son jarumi. Amma a cikin abin da Darwin ya bayyana babu jarumi. Babu sauron da ya canza. Wanda aka haifa da rauni ga magani ya mutu da rauninsa. Wanda aka haifa da ɗan bambancin da ya sa magani bai kama shi sosai ba, tun kafin a ƙirƙiro maganin ma akwai irinsa jefi-jefi, shi ne ya rayu ya hayayyafa. Abin da ya canza shi ne yawan waɗannan a kan waɗancan. Mu kanmu, da digirinmu, a kan "sabo" muke tun muna yara, kuma hannunmu ya zana abin da ke cikin kanmu.

Washegari muka je gidanta. Tana tsakar gida ana tankaɗen garin masara, sai ta nuna mana rariyar da ke hannun jikarta. Ta ce, "Ku dubi wannan. Rariya ta taɓa mayar da tsaki gari? Abin da yake gari tun farko shi ke wucewa, tsaki ya tsaya a sama. Maganin sauro rariya ne. Ku zana min rariya, ku bar zana min jarumi."

Wannan yaren mun gane shi, domin aikinmu ne. Muka watsar da zanen, muka rubuta ƙaramar manhaja. Sauro ɗari biyu a fuskar allo, kowanne ɗigo ne kawai. Yawanci farare, biyu ko uku jajaye, jajayen su ne masu juriya. Muka ba manhajar ƙa'ida uku. Ba duka suke ɗaya ba. 'Ya'ya suna gadon launin iyaye. Idan aka fesa magani, fari ya fi ja saurin mutuwa. Sannan muka ƙara wani layi guda da muka fi alfahari da shi a duk aikin: muka kulle launin kowane ɗigo daga haihuwa, ta yadda ko mu da muka rubuta ba za mu iya canza shi ba sai manhajar ta tsaya ta yi ƙorafi. Muka danna, muka zuba ido. Feshi na farko, allon ya kusa zama wayam. Sai ragowar suka hayayyafa. Feshi na biyu, na uku. Kafin zuriya ta goma allon ya yi ja wur, kuma babu ɗigo ko ɗaya da ya sauya launi. Ba mu rubuta "ku zama ja" a ko'ina ba. Mun sha ganin manhaja ta yi abin da ba mu sa ta ba, amma kullum kuskure ne. Ranar ce farkon da muka ga ta yi hakan kuma daidai ne.

Muka ɗauki hoton allon ya zama bidiyo na minti uku, muka matse shi ya yi ƙanƙanta yadda za a tura shi waya zuwa waya ba tare da data ba. Muka cire kiɗan. Muka saka labarin da muka tono wanda ya ba mu mamaki: a tsakiyar shekarun 1950 an yi aikin feshin gidaje da wani magani mai suna dieldrin a yankin Birnin Kebbi, a tsohon lardin Sakkwato, kuma ba a cika shekara biyu ba aka tarar sauron cizon nan mai kawo zazzaɓi ya fi ƙarfin maganin. Rahoton ya zaga duniyar masana. Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kamar kwana goma a lokacin zafi, don haka shekara biyu a wurinsa zuriya ce bila adadin. Ba sai an je Manchester ba.

Abu mafi muhimmanci da muka saka shi ne baƙin allo. Sau uku bidiyon yana tsayawa, rubutu ya fito: Malama, a dakata a nan. A tsayawar farko, bayan feshin farko, takan tambaye su, "Wa ya rage? Me ya sa?" A ta biyu, "Idan aka daina feshi yau, me kuke zato?" Sai gardama ta kaure. A nan ne wani yaro ya kawo maganar kulorokwin da kansa, ya ce babansa yana cewa da can ƙwaya kaɗan take warkar da zazzaɓi, yanzu ko a kemis ba a ba da ita. Malama ta ce to ga shi nan, sai dai wannan karon ba sauron aka tankaɗe ba, ƙwayar cutar da yake ɗauke da ita ce, har ta kai a 2005 Najeriya ta sauya maganin da ake fara bai wa mai zazzaɓin cizon sauro. Daga nan ta gangaro kan masu shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ba tare da likita ya rubuta ba. Yaran suka fara kallon juna, domin kowa ya san gidansu.

Tambayar biri ta zo, kamar yadda ta saba. Wani yaro mai natsuwa, wanda aka ce mana ya sauke Alƙur'ani, ya miƙe ya ce, "Malama, to wannan ba shi ne masu cewa mutum daga biri yake ba?" Mu dai muka sunkuyar da kai muna gyara waya. Malama ta ce masa masana ilmin halitta ba su ce birin da yake gani a gidan zu shi ya haifi mutum ba, abin da suke cewa shi ne akwai kakanni na nesa da aka haɗa, kuma haka zai rubuta idan aka tambaye shi abin da suka ce. Ta ce ita Musulma ce kamarsa, ba ta zo ta karɓe masa komai ba, kuma maganar asalin ɗan Adam ya kai ta gaban malamansa na addini ya ji ta bakinsu. Sannan ta nuna allon ta ce, "Amma wannan fa? Ka ga jajayen sun yi yawa ko ba ka gani ba?" Ya ce ya gani. Ta ce, "To riƙe wannan tukuna." Ba za mu ce ya gamsu ba. Ya zauna yana tunani, mu ma haka, kuma har yau idan hira ta kai can a ofis ba bakinmu ɗaya ba. Abin da muka lura shi ne, wannan karon ba da gudu ta wuce ba.

Bidiyo na ƙarshe shi ne wanda muka yi ta ɗagawa, na sikila. Biyu daga cikinmu AS ne. Ɗayanmu ya binne ƙaninsa yana ɗan shekara tara, bayan dare da yawa na kukan ciwon ƙashi, kuma ya girma yana jin 'yan uwa suna raɗa cewa abin daga dangin uwa ne, wasu su ce iska ce. Shi ne ya dage a yi, shi ne kuma ya kasa yin muryar.

Ga mai rubuta manhaja, labarin sikila yana da ban tsoro. A cikin dogon rubutun gadon da ke jikin mutum, harafi guda ne ya sauya, a wurin da ake ba da umarnin ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Mun san abin da harafi guda yake yi, mun sha kwana a ofis saboda shi. Wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka, shi ne SS. Tambayar ita ce, abin da yake kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa tun tuni? Me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da shi? A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu ɗauke da kwafi guda, wato AS, sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda zazzaɓin ya yi katutu, nan sikila ta yi yawa. Kuma an auna wannan a ƙasarmu. A aikin binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, cikin Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, an tarar kashi 24 cikin ɗari na jarirai AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar kashi 29 ne. Babu yaron da jininsa ya canza. Zazzaɓi ne ya fi ɗaukar waɗanda ba su da kariyar. Rariyar Malama ce, sai dai a nan 'ya'yan mutane ne a cikinta.

Mun yi shi da ɗigo kamar na sauro, kala uku. Da muka kalla a ofis sai muka ga ɗigon SS suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar yadda muka umarce su. Wanda ya rasa ƙaninsa ya tashi ya fita baranda.

A ajin, a tsayawa ta biyu, wata yarinya siririya da ke zaune a gaba ta ɗaga hannu. Ba mu san tana da sikila ba, amma duk ajin sun sani, domin mun ji yadda shirun ya sauya. Ba Malama ta kalla ba, mu ta kalla. Ta ce, "Malam, ke nan ni ce tsakin?"

Babu layin da muka rubuta don wannan. Bidiyon yana tsaye a baƙin allo, janareta na ta ruri. Malama ta taka har gaban teburinta ta dafa shi. Ta ce mata rariya ba ta san daraja ba, ba ta san kyau ko hankali ba, ramuka kawai gare ta, kuma abin da ya wuce a wannan rariyar zai iya tsayawa a wata. Ta ce abin da ke jininta shi ne ya tsare kakannin rabin ajin nan daga zazzaɓi har suka rayu suka haife su, ita ce aka bar wa biyan kuɗin, ba laifinta ba ne, ba na mahaifiyarta ba, ba kuma aikin kowa ba ne. Ta ce ɗigon da ke allon ba su da asibiti, ba su da gidan sauro, ba su da rigakafi, ita kuwa tana da su, kuma akwai masu sikila da suka yi digiri suka yi jikoki.

Sai abokinmu, wanda ya kasa yin muryar, ya matso. Ya ce, "Ƙanwata, ni AS ne. Ƙanina irinki ne. Da mun san wannan a gidanmu, da mahaifiyarmu ba ta yi shekaru tana ɗauke da zargi ba." Bai ƙara ba. Yarinyar ta gyaɗa kai ta buɗe littafinta.

Ragowar darasin bai bi tsarin da muka yi ba. Suka riƙa tambaya kan aure. Malama ta zana akwati huɗu a allo da alli, ta nuna musu cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma cikin baya ba ya tuna abin da na gaba ya zo da shi. Ta tuna musu cewa a 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini. Ta kuma ja kunnen masu AS kada wani ya ce ya fi ƙarfin sauro ya yar da gidan sauronsa, domin kariyar ba cikakkiya ba ce. Har aka buga ƙararrawa ba a koma kan bidiyon ba.

A daren muka sake buɗe manhajar. Mun yi gardama ko mu cire ɓacewar ɗigon, muka ga cire shi ƙarya ce, irin ƙaryar sulken sauro. Abin da muka yi shi ne muka matso da baƙin allon gaba, kafin ɗigo na farko ya ɓace, muka canza rubutun. Yanzu yana cewa: Malam ko Malama, a dakata a nan. Wataƙila akwai mai sikila a ajinku.

Bidiyoyin sun bar hannunmu tuni. Wani malami daga Maraɗi ya aiko yana tambaya ko za mu sa rubutun Faransanci a ƙasa, ba mu san ta inda suka kai gare shi ba. Wani kuma ya turo mana kwafin da aka yanke duk wuraren tsayawar don ya yi gajere a dandalin sada zumunta, minti ɗaya da rabi, har an sa masa kiɗa. Mun roƙe shi ya goge, muka tura masa na asali.

Malama za ta yi ritaya baɗi. Makon jiya ta kira ta ce furojektan da muka bar mata ya daina kawo hoto, mu zo mu duba kafin 'yan aji shida na bana su kai babin. Mun ce mata ranar Asabar, in Allah ya kai mu.